Abinci Kafin Tiyatar Gyaran Fuska da Bayanta: Nazari a Kan Masu Cutar Noma na Yankin Kaya, Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tasirin abinci a kan warkewar raunin tiyatar gyaran jiki. An ɗauki masu cutar noma na yankin Kaya, wato ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura, a matsayin abin nazari. An bi abin da masana suka tabbatar game da buƙatun rauni, aka auna shi da abincin da gidajen yankin ke ci. Nazarin ya nuna cewa kayan abincin da rauni ke buƙata akwai su a gonakin yankin da kasuwanninsa, sai dai siffar da ake ba maras lafiya su, wato tsinkakken kunu, ba ta isar da su jiki. Maƙalar ta kawo lissafin abin da babba da yaro ke buƙata, ta bayyana hanyar amfani da garin tsiro, sannan ta nemi a riƙa rubuta abinci a takardar sallama kamar yadda ake rubuta magani.

Muhimman kalmomi: noma, tiyatar gyaran fuska, tamowa, warkewar rauni, kunu, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci tiyatar gyaran jiki a Nijeriya, hankali kan tafi Legas da Abuja, ga masu kuɗin da ke rage kitsen ciki ko ƙara wani sashe na jiki. Mutuwar Stella Obasanjo a Sifaniya cikin Oktoban 2005, bayan irin wannan tiyata, ta ƙara kafa wannan fahimta a zukatan jama'a. Amma fannin ya fi haka faɗi. Likitan da ya iya gyara hancin attajira shi ne dai mai ɗinke tsagaggen leɓen jariri, shi ne mai saki fatar da ƙuna ta tattare, shi ne kuma mai rufe kumatun da cuta ta cinye. A ƙauyukan Zamfara wannan kashi na biyu shi ne aka sani, kuma mafi tsananinsa shi ne gyaran fuskar waɗanda suka tsira daga cutar da likitoci ke kira noma.

Dokar jiki ɗaya ce ga duka. Likita yanka yake yi ya ɗinke. Haɗewar nama kuwa aikin jiki ne, da abin da aka ci yake yin sa. Bambancin shi ne, mai zuwa tiyatar ado yakan zo da jiki a cike, mai noma kuwa yunwa ce tun farko ta buɗe wa cutar ƙofa, cutar ta lalata bakin da zai ci da shi, sannan a yi masa aiki a cikin wannan bakin. Saboda haka babu inda tambayar abinci ta fi fitowa fili kamar a nan.

2.0 Hanyar Bincike

Nazarin ya dogara ga abubuwa uku: rubuce-rubucen masana kan noma da warkewar rauni, ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ƙungiyoyin likitoci, da ƙididdigar sinadaran abinci da aka saba aiki da ita. Lissafin da ke sashe na 7.0 na marubuci ne, an gina shi a kan waɗannan alƙaluma domin misali.

3.0 Yankin Nazari

Kaya gari ne a ƙaramar hukumar Maradun, a jihar Zamfara wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Talata Mafara, ita ce kuma hanyar da marasa lafiyar yankin ke bi zuwa manyan asibitoci. Gero da dawa su ne ginshiƙin abinci, ana haɗa su da wake da gyaɗa a gona. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ta kawo noman rani na shinkafa da kayan lambu, ta kuma kawo kifi.

Duk da haka tamowa ta yi katutu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma sami ƙarancin jini a kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa a faɗin ƙasar. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun raba manoma da yawa da gonakinsu. Gwajin da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi cikin Yunin 2024 ya sami tamowa a jikin yaro 1 cikin kowane 4, kuma Talata Mafara na cikin garuruwan da ƙungiyar ke kwantar da masu tamowa mai tsanani. Daga cikin irin wannan jama'a ake ɗauko wanda za a shigar ɗakin tiyata.

4.0 Noma da Aikin Gyaranta

Noma takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, wuri ya yi baƙi, nama ya ruɓe ya faɗi, har ƙashi ya fito. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 kan mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara. Masanin nan ɗan Nijeriya, Cyril Enwonwu, ya shafe shekaru yana nuna cewa cuta ce ta tsananin talauci, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya kai ga sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su ranar 15 ga Disamba 2023.

Asibitin Yara Masu Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999 kuma MSF ke tallafa wa tun 2014, shi ne inda masu wannan lalura daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara ke zuwa. A Jamhuriyar Nijar akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles a Damagaram. Ba a yin tiyatar gyara sa'ad da cutar ke ci. Sai an kashe ƙwayoyin cuta, an farfaɗo da jiki, tabo ya zauna, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. Akwai waɗanda sai sun girma, har sun yi shekara 20 ko 30 da raunin, suke jin labarin asibitin.

Abu biyu a cikin aikin sun shafi abinci kai tsaye. Na farko, tabon noma yakan ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa. Mai wannan hali ba ya tauna hoce ko nama. Tuwo ma sai ya mutsuke shi da ruwa, ya tura da yatsa ta giɓin haƙora ko ta ramin kumatu, rabi ya shiga, rabi ya zubo a ƙirji. Da yawa sukan guji ci a gaban mutane, su ci kaɗan a ɓoye. Wanda ya yi shekaru a haka, ko bai yi kama da maras lafiya ba, jikinsa ba shi da ajiya. Na biyu, likita kan rufe ramin da fata da naman da ya yanko daga goshi ko ƙarƙashin haɓa ko ƙirji. Sau da yawa akan bar gindin fatar a manne da inda aka ɗauko ta kimanin mako 3, har ta yi sababbin jijiyoyin jini a sabon wurinta, sannan a koma a raba. Wato mutum ɗaya yana ɗauke da rauni biyu, ana kuma jiran jikinsa ya gina sababbin hanyoyin jini cikin ƙayyadadden lokaci.

5.0 Abin da Rauni Ke Buƙata

Warkewa tana bin matakai: jini ya daskare, wuri ya yi kumburi na 'yan kwanaki sa'ad da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta, sannan daga wajen kwana na 4 zuwa mako na 3 a shiga gina sabon nama da zaren kolajin, daga nan tabo ya yi ta ƙarfafa har shekara ko fiye. A ƙarshen mako na 3 rauni bai wuce kashi 20 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata ba, kuma ko ya gama warkewa ba ya wuce kashi 80. Wannan adadi na farko ya kamata a riƙe shi, domin a daidai wannan lokaci ake fara shirin sallamar maras lafiya.

Kolajin furotin ne, haka ma garkuwar jiki da furotin take aiki. Lafiyayyen babba yana buƙatar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai raunin tiyata yana buƙatar 1.2 zuwa 1.5. Idan kuzarin da ke cikin abinci bai isa ba, jiki ƙona furotin ɗin yake yi don samun ƙarfi, ya kuma shiga cin tsokarsa. Tun 1936 Hiram Studley ya nuna hatsarin haka a Amurka: cikin masu gyambon ciki da aka yi wa tiyata, waɗanda suka rame da fiye da kashi 20 na nauyinsu sun mutu da kashi 33 cikin 100, sauran kuwa kashi 3.5 kacal.

Bitamin C shi ke sa zaren kolajin ya ɗaure. Wani matashin likita a Boston, John Crandon, ya gwada haka a jikinsa tsakanin 1939 da 1940. Ya daina cin duk abin da ke ɗauke da bitamin ɗin. Yankan da aka yi masa a baya bayan wata 3 ya warke lafiya, wanda aka yi bayan wata 6 kuwa ya ƙi haɗewa, sai da aka ba shi bitamin ɗin. Zinki yana taimakon rabuwar ƙwayoyin halitta. Bitamin A yana taimakon matakin kumburi da rufuwar fata. Sinadarin ƙarfe shi ne ginshiƙin jinin da ke kai iska ga rauni, kuma fatar da aka dasa ta fi komai jin ƙarancin wannan iska.

A nan ya kamata a yi hattara da masu tallar ƙwayoyin ƙarin kuzari. Hujjar da ake da ita ta tsaya ne a kan cike giɓi ga wanda ya rasa. Loda wa mai isasshen zinki ko bitamin ƙari ba ya sa rauni ya yi saurin warkewa, yawan zinki ma yakan hana jiki shan wasu sinadaran.

6.0 Kafin Tiyata

Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta ba da alamomin babban da ke cikin hatsari: ya rasa fiye da kashi 10 zuwa 15 na nauyinsa cikin wata 6, ko ma'aunin nauyi da tsawonsa ya gaza 18.5, ko sinadarin albumin na jininsa ya gaza giram 30 a lita ba tare da ciwon hanta ko ƙoda ba. Shawararta ita ce a jinkirta babbar tiyata ga irin wannan mutum, a ciyar da shi kwana 7 zuwa 14. Tiyatar gyaran fuska ba ta gaggawa ba ce, don haka babu uzurin tsallake wannan mataki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga yara, awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku ya fi sauƙi: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, 11.5 zuwa 12.5 matsakaiciya. Mai tsanani da ke da wata lalura akan fara shi da madarar F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, domin ɗura wa jikin da ya daɗe da yunwa abinci mai nauyi farat ɗaya yakan rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya. Bayan ya daidaita sai a koma F-100 ko abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda, irin su Plumpy'Nut da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, mai kalori 500 a ledar giram 92. Likitocin tsagaggen leɓe ma suna da tsohuwar ƙa'idarsu tun shekarun 1960: jariri ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kilo 4.5, ma'aunin jininsa ya kai 10.

Akwai abubuwan da dole a tambaya, kuma ba kowa zai faɗa da kansa ba. Magungunan ƙiba da ake sayarwa barkatai, irin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, sau da yawa suna ɗauke da desametason. Wannan magani yana kumbura fuska da ciki har a zaci lafiya ce, alhali yana danne garkuwa, yana hana kolajin ginuwa, yana ɗaga sukarin jini. Budurwar da dangi suka ba shi don ta murmure kafin tafiya Sakkwato an cuce ta ba da niyya ba. Bai kuma kamata wanda ya daɗe yana sha ya daina dare ɗaya ba, sai likita ya rage masa a hankali. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ƙwayoyin tafarnuwa da makamantansu akan nemi a ajiye su mako 2 kafin aiki saboda zubar jini. Mai shan taba ya bari aƙalla mako 4. Mai ciwon sukari a daidaita shi tukuna. Waɗannan sun hau kan mai tiyatar ado a birni kamar yadda suka hau kan mutumin Kaya, har da gargaɗin kada a shiga ramar dole ana gobe tiyata.

Batun kame baki kafin a sa mutum barci ya samo asali daga rahoton Curtis Mendelson na 1946 kan abincin ciki da ke komawa huhu. Daga nan aka gaji umarnin nan na kada a ci kada a sha tun tsakar dare. Ƙa'idar likitocin sa barci ta Amurka tun 1999 ta sassauta: abinci marar nauyi har awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, tsabtataccen ruwa awa 2. A zafin Maris da Afrilu na ƙasar Sakkwato, barin ramammen yaro ba ruwa tun dare har azahar saboda layin tiyata ya yi tsawo kuskure ne da za a iya gujewa. Sai dai a fahimtar da mai jinya cewa kunu da fura da madara ba sa cikin tsabtataccen ruwa, abinci ne.

7.0 Bayan Tiyata: Matsalar Tsinkakken Kunu

A kwanakin farko akan ciyar da wanda aka yi wa aiki a baki ta robar hanci, daga baya a koma abu mai ruwa-ruwa, sannan mai laushi. Muddin yana kwance a asibiti akwai masu lura. Matsalar tana farawa ranar da ya hau mota zuwa gida da umarnin ya riƙa shan abu mai ruwa. A gidan Bahaushe wannan umarni ma'anarsa ɗaya ce: koko ko kunu, a tsinka shi yadda zai wuce.

A ɗauki mace mai nauyin kilo 45. Tana buƙatar furotin kimanin giram 68 da kalori 1,400 zuwa 1,600 a rana. Gero giram 300 zai ba ta furotin giram 33, wake giram 80 ya ba da 19, gyaɗa giram 40 ta ba da 10, ƙwai ɗaya ya ba da 6. An cika 68, kalori kuma ya haura 1,600. Babu abu ɗaya a nan da sai an je Gusau za a samo. Haɗa hatsi da wake ko gyaɗa yana kuma gyara ingancin furotin ɗin, domin abin da gero ya gaza a kai wake yana da shi.

Yanzu a mayar da geron nan kunu. Sitacin hatsi yana shan ruwa ya kumbura, don haka kunun da zai shiga bakin da ke ɗinke ba ya ɗaukar gari fiye da kashi 1 cikin 10. Giram 300 ya zama lita 3 ke nan, kowane mililita 100 ɗauke da kalori kusan 36, wato wajen rabin na nonon uwa. In gasara ce aka tace aka zubar da dusa, an ƙara rage furotin da zinki da ƙarfe. Mace mai ciwo a baki ba za ta sha lita 3 ba. Za ta sha kofi biyu ko uku, cikinta ya cika, dangi su ce alhamdu lillahi tana ci.

Lissafin yaro ya fi tayar da hankali. Cikin yaro yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo a zama ɗaya, wato mililita 300 ga mai kilo 10, kalori 100 da 'yan kai in tsinkakken kunu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buƙatar yaron da ke farfaɗowa daga tamowa mai tsanani a kan kalori 150 zuwa 220 a kowane kilo, wato 1,500 zuwa 2,200 ga wannan yaro. Ko sau 8 aka ba shi a yini bai kai ba. Ba abin mamaki ba ne da binciken Elise Farley da abokan aikinta, wanda aka yi a 2017 kan marasa lafiyar asibitin Sakkwato aka buga a 2018, ya sami alaƙa tsakanin kamuwa da noma da shan koko kullum, ya kuma sami alamar kariya ga yaran da aka ba dakashin uwa. Alaƙa ce aka gani, ba a ce koko ke haddasa cutar ba. Kokon shaida ne na gidan da ba shi da wani abin. Amma abin lura shi ne, abincin da yaro ya kamu da cutar a kansa shi ake mayar da shi a kai bayan an gyara masa fuska.

Mafita ita ce kunu ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, kuma garin tsiro yana yin haka. A jiƙa gero kwana ɗaya, a tsane, a shimfiɗa a kan buhu mai danshi a rufe, ana yayyafa ruwa kwana 2 zuwa 3 har ya fito da tsiro. A shanya a rana ya bushe ƙarau, a murje tsiron da saiwar a sheƙe, a niƙa ƙwayar. Sai a dama kunu mai kauri ƙwarai, wanda ludayi zai tsaya a ciki, a sauke ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin a kofi guda a juya. Cikin 'yan mintuna kunun zai saki ya zama ruwa a gaban ido, domin sinadarin da tsiro ya fitar yana yanyanka sitaci. A mayar wuta ya tafasa kafin a sha. Ta haka kunu kan ɗauki gari kashi 25 zuwa 30 cikin 100, lita 3 ta dawo lita 1 da kaɗan. An gwada dabarar a Tanzaniya da Indiya tun shekarun 1980. Tsirar da hatsi yana kuma rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana jiki sha. Gargaɗi ɗaya: tsiron dawa yana ɗauke da guba, shi ya sa gero ya fi dacewa, kuma in dawa aka yi amfani da ita murje tsiron wajibi ne.

A kan wannan kunu ake gina sauran. Babban cokalin man gyaɗa ɗaya kalori 120 ne ba tare da ya ƙara yawa ba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da aka murje, garin busasshen kifi da aka tankaɗe ƙayarsa, dafaffiyar hanta da aka daka, duk suna narkewa a ciki. Garin Tom Brown da ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata, mudu 6 na hatsi da 3 na waken suya da 1 na gyaɗa, tushe ne mai kyau. Fura da nono abinci ne mai ƙarfi in an dama da laushi an tace, muddin an dafa madarar kafin ta yi tsami kuma ruwan damun tafasasshe ne. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar.

Bitamin C kuwa wuta da kanwa ke kashe shi. Miyar kuka da ta zogale suna da amfaninsu, amma ganyen da aka busar a rana aka dafa da kanwa ya riga ya rasa mafi yawansa. Garin 'ya'yan kuka da aka jiƙa a tafasasshen ruwan da ya huce ya fi lemo bitamin ɗin nesa, haka ma gwaiba. A ba da shi tare da abinci domin yana taimakon shan ƙarfe, a kuma raba shayi da lokacin cin abinci domin shi hanawa yake yi. In tsami na yi wa ɗinki zafi a kwanakin farko, sai a tsarma ko a bi ta roba. Bayan kowane ci a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi.

8.0 Al'ada: Abin Dogaro da Abin Gyara

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa mai rauni ciyar da shi ake yi. Ɗan kaciya ana yanka masa kaza, ana ba shi nama da kunu har ya fito yana sheƙi. Mai jego ana kawo mata ƙauri, ana gasa mata nama da yaji kwana 40. Ma'aikacin lafiyar da ya ce wa uwa ta riƙe ɗanta kamar ɗan kaciya har wata 3 ya isar da saƙo fiye da wanda ya yi mata bayanin furotin.

Akwai kuma abin gyara. Wasu gidaje suna hana yaro ƙwai, wai zai koyi sata. Wasu suna hana mai rauni gyaɗa ko madara ko kifi, wai suna sa mugunya. Mugunya ƙwayoyin cuta ke kawo ta, kuma jikin da aka hana furotin shi ya fi kasa yaƙarsu. Kunun kanwa na masu jego bai dace da mai tiyata ba: likitocin Zariya sun danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. Wanda tiyatarsa ta faɗo cikin Ramadan kuwa, Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwamen ramawa daga baya, kuma jin haka daga bakin malamin garinsu ya fi tasiri. Sannan a yawancin gidaje maigida ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane, don haka bayanin da aka yi wa uwa ita kaɗai a bakin gadon asibiti rabin aiki ne.

9.0 Matsaya da Shawarwari

Lokacin sallama yana da nauyi. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, mata suna gona, zazzaɓin cizon sauro yana shigowa. Wanda aka sallama a wannan tsakani zuwa ƙauyen da aka hana noma yana komawa ne da rauni mai kashi 20 na ƙarfinsa cikin gidan da ake ci sau ɗaya. Matsayar wannan maƙala ita ce, irin wannan maras lafiya ko dai a tsara aikinsa bayan kaka, ko a sallame shi da abincin mako 8 zuwa 12 a hannu. Kuɗin wannan abinci bai kai komai ba in aka gwada shi da kuɗin sake tiyatar da ɗinkinta ya warware.

Takardar sallama ta ƙunshi abinci da ma'aunin gida: gwangwani nawa na gero, cokali nawa na mai, ƙwai nawa, sau nawa a yini, a rubuce da boko da ajami. Mai jinya ta dama kunun tsiro da hannunta a gaban ma'aikaciya kafin ta bar asibiti, a kuma kira maigida ko wakilinsa ya ji. Awon nauyi da damtse bayan sallama bai kamata ya jira tafiya Sakkwato ba, alhali akwai asibitoci a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Ga masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aikin da ke jira a bayyane yake: a bi waɗanda aka yi wa tiyata daga waɗannan ƙananan hukumomi uku har gida, a auna su a mako na 2 da na 6 da na 12, a kwatanta waɗanda ke shan kunun tsiro da waɗanda ke shan tsinkakke, a ƙidaya ɗinkin da ya riƙe da wanda ya buɗe. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ce ta fi cancanta ta ɗauki nauyin wannan aiki.